Ranar da Gaɓa Ta Rufta wa Modu

Kwanan baya jikana ya kawo mini wayarsa, wai in ga wani Bature a bakin teku da gajeren wando, yana yawo da na'urar neman ƙarfe yana tsintar zobba. Abokansa na tsaye suna shawarar su ma su nemi irinta. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Ashe Baba aikin da ka yi ke nan? Ai wannan yawon shan iska ne." Na dube shi na ce, yaro, kana yi wa rogo kallon kitse. Da yake yanzu doguwar magana tari take sa ni, na ce bari in rubuta muku, mai son karantawa ya karanta.

Ba a makaranta na koya ba. Wajen Oga Bitrus na koya, wani mutumin kudancin Kaduna da ya zo Haɗejiya a farkon shekarun tamanin tare da 'yan kwangilar shimfiɗa bututun ruwa. Aikinsa shi ne ya gano inda tsohon bututu ya bi a ƙarƙashin ƙasa kafin a haƙa. Da kwangila ta ƙare aka bar masa na'urar, shi kuma ya zauna a gari saboda matarsa tana koyarwa a firamare. Ni a lokacin gyaran rediyo nake yi a bakin kasuwa, wajena yake zuwa in liƙe masa waya in ta tsinke. Ta wannan ƙofar na shiga.

Na'urar sanda ce mai tsayin ta makiyayi. A ƙasanta akwai wani abu zagayayye da muke kira faifai, a samanta akwati mai cin batir, sai abin sawa a kunne. Mutanen ƙauye suna ce mata mai kunne, daga baya ma sunan ya koma kaina. Na daɗe ina ɗaukar wa Oga jaka kafin ya bar ni in riƙe ta, ko da ya bari kuwa a bayan gidansa ne. Sai ya binne ƙusa, da murfin kwalba, da tsohon kwabo, da guntun garma, ya share wurin da tsintsiya, ya zauna a kujera yana shan rake. In na ce ƙusa ce, ya tono kwabo, sai ya girgiza kai ya ce, "Haruna, kunnen nan naka na jin kiɗa ne kawai."

Kuka biyu gare ta, kuma a nan sana'ar take. Akwai kukan lilo: kana tafiya kana kaɗa faifai dama da hagu, in ya gifta ta kan ƙarfe ta yi ƙit, ka tsaya. Shi ne kuke gani a waya, kuma da ƙyar yake wuce zurfin kamu ɗaya. Na biyu muna ce masa kukan tsaye. An yi shi ne don in ka riga ka ji abu ka gane daidai tsakiyarsa, kada ka yi ta haƙa a gefe. Sai ka ɗaga faifai sama, nesa da kowane ƙarfe, ka danne maɓalli da babban yatsa, ka sauke shi a hankali ba tare da ka saki ba. Ba ta yin ƙit, sai wani gunji siriri da ba ya yankewa, yana ƙaruwa in ka matso, yana raguwa in ka wuce.

Oga Bitrus ne ya lura cewa kukan tsaye yana jin abin da na lilo ba ya ji. In ƙarfen babba ne, yakan jiyo shi a zurfin da ya kai ƙirjin mutum. Amma yana da sharrinsa. Ba ya zaɓe, komai ji yake: zoben hannunka, agogon na kusa da kai, shebur ɗin da aka yar a gefe, har jiƙaƙƙen baƙin yashi. Ba ya son sauri, ba ya son hayaniya, don bambancin da kake nema ɗan ƙanƙani ne. Abin da Oga ya fi nanata mini kuwa shi ne, duk zurfin da kunnenka ya kai, sai wani ɗan Adam ya shiga rami ya kai can da jikinsa.

Aikina na farko ni kaɗai, ɗan kunnen wata mata ne da ya faɗi a mashayar kogi inda ake wanki. Na uwarta ne da ta rasu, shi ya sa ta ƙi haƙura. Mata suka kewaye ni, kowacce da awarwaro da kwano, na'ura sai ihu take ta ko'ina. Na roƙe su su matsa, wata tsohuwa ta ce, "Kai da aljaninka ku za ku matsa mana." Sai da rana ta take na same shi, bayan na tono cokali, da ƙusoshin kwalekwale, da wani tsohon mamari na kamun kifi da ƙugiyarsa ta shige mini tafin hannu. Tabon yana nan. Daga ranar ban ƙara zura hannu kai tsaye a yashin da ya yi kuka ba.

Akwai kuma masu zuwa a asirce su ja ka gefe, wai kakansu ya binne tulun azurfa a kufai. Waɗannan sun fi kowa cin lokaci, in ba a samu ba kuma su ce kai ka ji ka yi shiru. Cin abincinmu na gaskiya a fadama yake. Shekarun da kowa ya koma noman alkama da rani, injin ban ruwa ya cika gaɓar kogi daga nan har wajen Miga da Kafin Hausa. Manomi yakan kafa bututu a gonarsa ya jawo ruwan ƙasa, in damina ta zo ya kifa gwangwani a bakinsa ya tafi. Ambaliya ta shimfiɗa laka a kai, kaka ta yi, ya dawo ya rasa inda bututunsa yake. Sai a aiko a kira mai kunne.

A wannan aikin na haɗu da Modu, bayan Oga Bitrus ya koma gida ya bar mini na'urar. Iyayen Modu daga wajen tafkin Chadi suka zo. Magidanci ne mai 'ya'ya, ba ya da yawan magana, kuma ban taɓa ganin mai haƙa irinsa ba. Ni kunne, shi hannu. In abu ya yi zurfi, sai ya haƙa da shebur ya kai gwiwa, a fitar da shebur a kai shi nesa, in zura faifai cikin ramin in ƙara saurare. In an kusa, ba a ƙara shiga da ƙarfe. Modu zai cire zobe, da agogo, da wuƙar ƙugunsa, ya ci gaba da kwasar yashi da masaki, wato babbar ƙwarya, don in iya saurare yana ciki. Haka Oga ya koya mini, kuma ba wanda ya taɓa ganin aibin haka.

Shekarar da nake so ku ji, a farkon shekarun casa'in ce. Ruwa ya zo kafin lokacinsa, ya kuma zo da yawa. Shinkafa ta nutse, ƙauyuka suka tashi, kogi ya bar tsohuwar hanyarsa a wurare da dama ya yanka sabuwa. Da ya janye, gaɓar da ka sani bara ba ita ba ce. Aiki ya yi mana yawa, amma ba aikin daɗi ba, don duk wanda ka je wa, abin da ya rage masa a duniya yake nema.

Bukar, yayan Modu, yana da inji guda a gonarsa ta wajen Miga. Ya sare wa injin mazauni a gindin gaɓa don ya kusanci ruwa, ambaliya ta riske shi a nan ta binne. In bai fito ba babu noman rani, gidan Bukar da na Modu kuwa tukunya ɗaya suke ci.

Mun isa da hantsi. Gaɓar ta tsaya a kanmu, ta fi tsayin ɗaki, samanta a bushe, gindinta yana tsattsafo da ruwa. Da na dube ta na ce wa Modu ban yarda da ita ba. Modu ya dafa ta da tafin hannu, ya ɗebo yashin ya dunƙule, ya ga ya kama. Ya ce, "Za ta riƙe, Malam Haruna. Jiƙaƙƙen yashi ba ya cin amana." Gaskiya ya faɗa, a wannan sa'ar. Abin da ba mu sa a lissafi ba shi ne gaɓar tana fuskantar rana, kuma tun da muka fara take shan zafi tana bushewa.

Kukan lilo bai ji komai ba. Na danne maɓalli na bi gindin gaɓar a hankali, can na jiyo shi, gunji mai faɗi mai rauni. Na zana da ƙafa, Modu ya shiga. Da ya kai gwiwa aka kwashe shebur da diga aka kai su gefe, ya tuɓe ƙarfen jikinsa ya ba yayansa, ya ɗauki masaki. Duk lokacin da na zura faifai, kukan ya ƙara cika. Wajen azahar kansa da kafaɗunsa kawai muke gani in ya miƙe. Na koma baya na cire abin kunne in share gumi, sai na ji ya yi kira daga ciki da murna, "Ya Bukar, na kama marikinsa! Miƙo igiya!"

Bukar ya juya ya ɗauko igiya. Ban ji ƙara ba. Wani irin nishi na ji, kamar an sauke buhu, sai iska mai sanyi ta buge ni a fuska. Na ga saman gaɓar ya sulalo gaba ɗaya, muka watse da gudu. Da muka waiwayo babu rami, babu zanen da na yi, babu tulin yashin da Modu ya fitar. Fili ne kawai sumul, tun daga gaɓa har bakin ruwa, kuma babu Modu.

Bukar ya kwarma ihu. Kafin ka ce kwabo mutanen gonakin kusa sun cika wurin da garma da fartanya da shebur. Kowa ya nuna wurinsa daban. Wannan ya ce nan ne, wancan ya ce a'a, ya ga ramin daidai da waccan gorubar. Tsakanin nan da can bai wuce 'yan taku ba, amma a yashi 'yan takun nan su ne ran mutum. Suka kasu, kowa yana sara, kowa yana tattaka wurin, yashin da aka ɗebe yana gangarowa ya koma.

Na sa abin kunne, na danne maɓalli, na'ura ta kwarara mini ihu har kaina ya sara. Ƙarfe ta ko'ina. A nan na tuna abu biyu a lokaci guda. Babu ko allura a jikin Modu, a gabanmu ya tuɓe komai. Abin da kawai zan iya ji shi ne injin, shi ma yanzu ya ƙara nisa, kuma ba zan ji shi ba muddin akwai garma ɗaya a kusa.

Na ɗaga murya na ce, "Ku fitar da ƙarfe! Kowa ya ja baya!"

Ba wanda ya ko dube ni. Na je na kama ƙotar garmar Bukar. Ya juyo, idonsa ya yi ja, ya ce, "Ƙanena yana ƙasa ka ce in ajiye garma? Haruna, ka haukace ne? Sake ni ko in sare ka!"

Na ce, "Ya Bukar, inda kake haƙa ɗin nan, ka tabbata?"

Ya dubi ramin da ya fara, ya dubi na wasu can gefe.

Na ce, "Hannunsa yana kan injin. In na ji injin, na ji shi. Amma ba zan ji ba sai kun tafi da ƙarafan nan, kun daina taka wurin, kun kuma yi mini shiru."

Wani dattijo da ban sani ba ya zo ya zare garmar daga hannun Bukar, ya ce, "Bar shi, ɗana. Mu namu zato ne." Shi ya kori mutane. Suka ja baya suka tsaya a jere a bakin ruwa, mata suka toshe bakinsu da gefen zane. Wurin ya yi tsit.

Ina gaya muku, na shiga kwalekwale a tsakiyar ambaliya, na taka maciji a fadama, amma ban taɓa jin tsoro irin na wannan tsayuwar ba. Mutum yana shaƙewa a ƙarƙashin ƙafata, ni kuma dole in yi tafiyar hawainiya. Na ɗaga faifai sama, na danne maɓalli. In ya kuɓuce sai in sake daga farko. Na sauke shi na fara ja a hankali. Bugun zuciyata ya cika mini kunne har ya fi gunjin ƙarfi, sai da na buɗe baki ina numfashi ta nan don in ji.

Can na'ura ta yi kuka mai kaifi. Da alama an gani a fuskata, don na ji Bukar ya yunƙuro, mutane suka riƙe shi. Na ja faifai gefe kaɗan, kukan ya yanke nan take. Abu mai kaifi da ke yankewa da wuri ƙarami ne, kuma a kusa yake. Na tura ƙafa na ji ƙota. Shebur ɗinmu ne da yashi ya kwaso. Na fizge shi na wurgar, na sake ɗaga faifai, na sake dannewa. Lokacin da wannan shebur ya ci mini, har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi.

Na bi ta gefen gaɓa, wajen da ba wanda ya nuna. Gunjin yana nan yadda yake, siriri, babu canji. Na fara tunanin batir ya yi sanyi, ko injin ya wuce inda kunne ke kaiwa. Na ce a zuciyata, in haka ne na hana mutane haƙa a banza, kuma ni zan dubi Bukar. Sai na ji kamar gunjin ya ɗan yi kauri. Ban yarda ba, don mai tsoro yakan ji abin da yake so ya ji. Na wuce, ya sirance. Na dawo, ya yi kauri. Na juya na gitta shi ta ɗaya ɓangaren, ya sake yi a wuri guda, mai faɗi, mai rauni.

Na kafa diddige na ce, "Nan! Da hannu da ƙwarya! Kada wanda ya sa garma, kansa ne a sama!"

Suka faɗo kamar an ɓalle su. Maza suka durƙusa suna yaye yashi da hannu, mata suna miƙo ƙore, wasu suka cizgo zanar bukkar gona suka tare gangaren da bayansu don kada ya sake zubowa. Muna ɗiba yana komawa. Farcena ya fita ban ji ba. Bukar yana haƙa yana kiran sunan ƙanensa da yarensu, muryarsa ta dushe. Mun kai zurfin cinya babu komai, wani ya fara cewa ko dai ba nan ba ne, sai yatsun dattijon nan suka bugi wani abu mai santsi. Gindin masaki ne.

Muka share gefensa, Bukar ya ɗaga shi. Fuskar Modu ce a ƙarƙashi. Ashe da ya ji yashi ya taho, sai ya kifa masakin a kansa ya durƙusa, ɗan iskar da ke ciki ita ta riƙe shi. Idonsa a rufe, leɓensa ya yi toka, ba ya motsi. Wata mata ta fara salati. Bukar ya zura yatsa ya kwashe yashin bakinsa, muka yi ta yaye na ƙirjinsa don ya sami wurin buɗewa. Sai ya yi wani tari mai ƙarfi, ya ja numfashi da ƙara. Da muka zaro shi, hannunsa na dama yana damƙe da marikin injin, sai da aka ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

A amalanke aka kai shi bakin titi, daga nan zuwa asibiti a Haɗejiya. Haƙarƙari ya taɓu, gwiwa ta goce, amma ya tashi. Injin kuwa sai da aka sassare gaɓar daga sama aka kwantar da ita sannan aka fito da shi. Daga wannan aikin na canza tsari. Mai haƙa ba ya shiga rami sai da guntun ƙarfe ɗaure a wuya, in zan saurara ya fito tukuna. Aikin ya ƙara nawa, masu gona suna ƙorafi, ban damu ba.

Da aka sallamo Modu na je gaishe shi. Na same shi a zaure an jingina shi da bango, ƙafa a miƙe. Muka gaisa, sai ya ce, "Malam Haruna, ka san ina jin ku?"

Na ce, "A can ƙasa?"

Ya ce, "Sarai. Ina jin gudu a kaina, ina jin garma tana sara can nesa da ni, ina jin muryar Ya Bukar. Na ce a raina, in dai suna yi, ni ma zan yi. Ina jan iskar nan kaɗan-kaɗan, ina tattalinta. Sai na ji ɗif. Babu ƙafa, babu garma, babu kuka. Na saurara, na ƙara saurarawa. Na ce shi ke nan, sun haƙura, sun tafi neman likkafani. A nan na daina tattali, na yi kalmar shahada."

Na ce, "Modu, ai shirun nan ne ya fito da kai."

Ya ce, "Na sani. An gaya mini. Amma ni a can ban sani ba."

Bai ƙara shiga rami ba, ni ma ban ƙara neman ya shiga ba. Ya koma sayar da kifi a kasuwa, ya rayu ya ga jikoki. Amma har Allah ya karɓi abinsa, ba ya zama a ɗaki a rufe ƙofa, kuma in muna zaune a majalisa hira ta mutu, kowa ya yi shiru, sai ka ga ya fara waige-waige. Shi ne kullum yake fara yin gyaran murya.